Ɗana yana rubuta "nait" a wurin "night", mahaifinsa ya ce ba ya ja

Assalamu alaikum Malama. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku a Zariya. Babban ɗana shekararsa bakwai, yana aji biyu na firamare. Kowace Litinin malamarsu tana ba su kalmomin Turanci goma, ranar Juma'a ta yi musu shifta. Tun da aka shiga wannan zangon bai taɓa cin fiye da uku ba. Nakan zaunar da shi ya rubuta kowace kalma sau ashirin, ya yi ta rerawa har ya haddace, amma da ya shiga aji sai komai ya gudu. Makon jiya ya rubuta "nait" a wurin "night", "lait" a wurin "light", "kuk" a wurin "cook". Mahaifinsa ya ga takardar ya zane shi, ya ce ana zubar da kuɗin makaranta a banza, ya ce ni ce ba na sa ido. Yanzu duk daren Alhamis sai yaron ya ce cikinsa na ciwo. Ni iyakata sakandare, Turancina ba mai ƙarfi ba ne. Malamar ta ce za ta maimaita musu kalmomin, ga su: light, hat, cook, night, mat, book, right, look, fat, said. A Islamiyya ba shi da matsala, haddarsa tana tafiya. Kansa ne ba ya ɗaukar boko, ko ni ce ban iya koyarwa ba?

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka.

Na daɗe ina kallon kalmomi ukun nan da kika kwafo daga takardarsa, kuma wallahi sanyi na ji a raina. Na yi shekaru ina koyarwa a ƙananan azuzuwa. Yaron da yake tayar min da hankali shi ne wanda za a ce ya rubuta "night" ya zuba haruffan da ba su haɗa hanya da abin da ya ji ba, ko ya bar layin fayau. Naki ya saurara, ya tsinci sautuka uku, ya jera su yadda suka fito daga bakin malamarsa: n, ai, t. Da shiftar Hausa aka yi, da ya cinye. Kunnensa lafiya lau, kansa yana aiki. Abin da ya yi shi ne ya auna Turanci da mudun Hausa, don har yanzu ba wanda ya nuna masa cewa kasuwar can da nata mudun.

Bokon Hausa mai sauƙin hali ne. In aka cire tsawon wasali da karin sauti, waɗanda ba ma nunawa a rubutun yau da kullum, abin da ka ji shi za ka rubuta. Turanci kuwa haruffansa 26 ne, sautukansa kusan 44, ga shi kuma rubutun ya daskare tun da daɗewa yayin da baki ya ci gaba da sauyawa. Wannan "gh" ɗin da ke tsakiyar "night" da "light", wanda ya jawo wa ɗanki bulala, a dā furta shi ake yi. Wani sauti ne na can cikin baki, ɗan'uwan harafin kha na Larabci. Lokacin da William Caxton ya kafa injin buga littafi na farko a Ingila a 1476, rubutun ya fara tsayawa wuri ɗaya. Sautin ya ɓace daga bakin mutane, haruffan suka yi zamansu a takarda. Ba yaron da zai ji "gh" a kalmar nan da kunnensa, ko da a Landan aka haife shi. Sai an nuna masa.

To ta yaya za a nuna? Kafin in faɗa, ki ajiye rubutun nan na sau ashirin. Ki leƙa littafinsa da kyau wata rana yana cikin yi. Layi biyu ko uku na farko zai rubuta kalmar a cike. Daga nan sai ki ga ya koma yi daga sama zuwa ƙasa: ya jera n har ƙarshen shafi, ya dawo ya jera i, ya dawo ya jera g. Na kama yara da wannan dabara ba adadi, kuma ban ga laifinsu ba. Hannu ne ke aiki, hankali ya tafi wajen ƙwallo. Kalmar tana gabansa yana kwafa, ranar Juma'a kuma ba abin kwafa, shi ya sa komai yake gudu.

Yanzu ɗauko kalmomin malamar mu sake musu zama. Light, night, right, wutsiyarsu ɗaya. Hat, mat, fat, wutsiyarsu ɗaya. Cook, book, look, haka. Said ce kaɗai baƙuwa. Kin ga ashe abu huɗu ne a gabansa, shi kuma yana ta dakon goma. Gida uku ne da baƙo ɗaya. Idan ya san cewa 'yan gidan "ight" duk riga ɗaya suke sawa, kai kawai ake canzawa, to ranar da aka ce ya rubuta "fight" ko "tight" ko "sight", kalmomin da ba a taɓa ba shi ba, zai rubuta su. Nan ne bambancin yake da hadda. Hadda tana ba shi kalma ɗaya, sanin gida yana ba shi har waɗanda bai taɓa haɗuwa da su ba.

Kada ki fara da Turanci ma. Ki fara da abin da kika fi kowa iyawa. Kina tankaɗe ko kina tsintar shinkafa, ki ce masa: kara, tara, fara, kawo min wata mai irin wannan ƙarshen. Zai yi jim, sai ya ce yara. Ƙanensa ya ce bara. Ki juya ki ce kaza, maza. Ki ce rana, gana. Abin da mawaƙanmu ke kira amsa-amo ke nan, kuma yaran Hausa da shi suke tashi a waƙoƙin gaɗa da na dandali. Wannan wasa ba ɓata lokaci ba ne. A 1983 wasu masana biyu na Jami'ar Oxford, Lynette Bradley da Peter Bryant, sun wallafa binciken da ya nuna cewa ƙananan yaran da suka iya gane kalmomi masu amo ɗaya sun fi saurin kama karatu da rubutu daga baya, kuma horar da yara a kan haka, musamman idan aka haɗa da haruffan da za su taɓa da hannu, yana ƙara musu ƙwazo. Kwana biyu kuna wannan da Hausa, sai ki ce masa Turawa ma suna da irinsa, ki ce hat, mat, ki jira shi.

Sai kayan aiki, kuma ba sai kin kashe ko sisi ba. Ki samo kwalin taliya ko na sukari, ki yanko faffaɗan yanki ki rubuta "at" ɓaro-ɓaro a gefen dama. Ki tara marafan lemon kwalba guda bakwai ko takwas, ki manna musu 'yar takarda, ko ki rubuta a cikinsu da biro: h, m, f, c, r, b, s. Ki baje a tabarma. Shi zai ɗauki marfi ya ajiye a gaban "at", ya furta, ya cire ya sa wani. Ki bar shi ya yi da hannunsa, kada ki karɓa ki yi masa, ko da yana jinkiri. Kowace kalma ta fito, ku tsaya ku ba ta ma'ana: hat hula ce, mat ga ta muna zaune a kai, rat ɓera, bat jemage, cat kyanwa. Kalmar da yaro bai san ma'anarta ba ba ta kwana a kansa. In ya sa wani harafi abin ya fito ba kalma ba, kada ki ce ya yi kuskure. Ki ce ya karanta daidai, sai dai babu mai wannan suna a gidan. Na taɓa samun wata 'yar aji ɗaya da ta gano da kanta cewa in ta cire r ta sa b, ɓera ya zama jemage. Ta yi ta sauya marafan nan tana dariya har aka kaɗa ƙararrawa, kuma ban sake koya mata gidan "at" ba.

Akwai wuri ɗaya da nake so ki kula sosai, don a nan yawancinmu muke tuntuɓe. A makarantu da yawa ana sa yara su rera sunayen haruffa: si, e, ti, cat. Ki gwada haɗa si da e da ti a bakinki, ba za su taɓa ba ki "cat" ba. Sunan harafi daban, sautinsa daban, kuma sautin ne yake gina kalma. Mu kuma Hausawa muna da tamu al'adar, mun saba cewa ba, ca, da, muna liƙa wa kowane baƙi wasali. Harshenmu ba ya son kalma ta ƙare da baƙi, shi ya sa "bucket" ta zama bokiti, "bread" ta zama burodi. Idan kika ce masa ha, a, ta, zai haɗa ya ba ki "hata". Ki datse sautin, ki fitar da shi gajere ba jela. In ya gagara, ga wata hanya daga cikin gida: ki ce ya faɗi fari fat, ɗaya tak, shiru tsit. Waɗannan kalmomi namu ne, da baƙi suke ƙarewa, kuma yana faɗinsu kullum ba tare da ya ƙara musu komai ba. Wannan t ɗin na "fari fat" shi ne na ƙarshen "hat" da "night". Wannan k ɗin na "tak" shi ne na ƙarshen "book".

Kuskurensa na "kuk" ma yana da dalili. A Hausa c ita ce ta ciki da cokali, don haka ba zai yi tunanin ta a farkon "cook" ba. Ki gaya masa a Turanci c tana yin aikin k idan a, o ko u ne ke biye da ita, kamar cat, cot, cup. Idan e ko i ne, k da kanta take zuwa, kamar king da keep. Wannan kaɗai ya ishe shi a yanzu. Sai p da f, waɗanda suke cakuɗe mana har mu manya, pan da fan su zama abu ɗaya. Ki riƙe 'yar takarda a gaban bakinsa. Idan ya ce pan leɓɓansa biyu za su haɗe su fashe, takardar ta yi tsalle. Idan ya ce fan haƙoransa na sama ne za su sauka a leɓen ƙasa. Ku yi a gaban madubi, yara suna son sa.

Gidan "ight" ba a furta shi harafi-harafi. Ki rubuta "igh" a haɗe, ki ja layi a ƙarƙashi da jan biro, ki ce waɗannan ukun murya ɗaya gare su, ai suke cewa. Ki ba shi labarin tsohon sautin da ya ɓace, yara suna riƙe abin da aka ba su dalilinsa. Baƙuwar nan kuma, "said", kada ya haddace ta gaba ɗaya. Farkonta da ƙarshenta ba su da rikici, yana jin s yana jin d. Tsakiyar ce kawai take yaudara: ana rubuta ai, ana furta e. A rubuce 'yar'uwar paid da laid ce, daga say kamar yadda paid ta fito daga pay, baki ne ya gajarce ta. Ki zagaye ai ɗin, nan ne kawai wurin hadda.

Kada yawan gidajen ya tsorata ki. A 1970 wasu masu bincike a Amurka, Wylie da Durrell, sun fitar da wutsiyoyi 37 da suke haifar da kalmomi kusan 500 na matakin firamare. Gida ɗaya ko biyu a mako, kafin shekara ta zagayo kun ratsa su. Bayan na malamar, ki bi daga masu sauƙi: at, an, in, it, op, ot, et, ug. Sai masu ƙarewa da ck da ll da ng, irin su back, bell, sing. Daga baya ku shiga masu e ɗin ƙarshe da ba a furtawa amma take sauya wasalin tsakiya, yadda cap take zama cape, pin take zama pine, hop take zama hope. Ki guji haɗa at da ut a mako ɗaya, don a bakin Bahaushe hat da hut kusan abu ɗaya suke fita. Sai kowanne ya zauna daram tukuna a gwama su.

Hanyar nan tana da nata ramin, kuma gara in nuna miki shi tun yanzu. Yaro mai wayo zai gane cewa duk kalmomin yau da "at" suke ƙarewa, sai ya daina kallon ƙarshen, ya riƙa duba harafin farko kawai. Ki ga kamar ya iya, alhali ya koma rera waƙa. Maganinsa cakuɗawa. Da zarar kun yi gida biyu, ki rubuta kalmominsu a 'yan guntayen kwali, ki zuba a faranti ki juya, ya ware kowa ya kai shi gidansu yana furtawa. Idan kika zo yi masa shifta ma kada ki bi layi. Ki ce hat, ki ce book, ki ce night, ki dawo mat. Can gaba kuma zai gamu da masu amo ɗaya riga daban, kamar night da kite, da masu riga ɗaya amo daban, kamar cow da low, ko head da bead. Idan ya kawo miki irin wannan yana tambaya, ki yi murna, alama ce ya fara lura. Ki ce masa gaskiya ne, waɗannan maƙwabta ne, ku buɗe musu shafi daban.

Minti goma a rana ya isa, sha biyar in yana jin daɗi. Yaron da ya yi boko da safe ya yi Islamiyya da yamma ba shi da sauran ƙarfin zaman awa guda. Ki zaɓi lokacin da ya ci abinci ya huta. Litinin ku ware kalmomin gida-gida. Talata da Laraba marafan kwalba. Kowace rana ki rufe da kalma huɗu ko biyar da zai rubuta ba tare da yana gani ba: ya kalla, ya furta, ki rufe da tafin hannunki, ya rubuta, ki buɗe ya duba da kansa. Wannan ƙoƙarin tunowa shi ne yake dasa kalma, kuma shi ne ainihin abin da za a nema a wurinsa ranar Juma'a. A allo da alli, ko a ƙasa da tsinke, ya fi littafi, don kuskure yana gogewa ba ya barin tabo. Daren Alhamis kada ki ɗora masa sabon abu. Ku yi gajeriyar shifta da abin da ya riga ya iya, ya kwanta da daɗin ya ci.

Ciwon cikin nan na daren Alhamis shi ya fi damuna a duk wasiƙarki. Kada ki ɗauka ƙarya yake yi. Tsoro yana murɗa cikin yaro da gaske. Yaron da ya riƙe fensir yana tunanin bulala, rabin hankalinsa yana kan bulalar, da sauran rabin zai yi shifta. Na ga yara masu kaifi da duka ya mayar da su ba sa rubuta komai, don sun gane cewa layin da aka bari fayau ya fi kuskure sauƙin hukunci. Ɗanki har yanzu yana da ƙarfin halin gwadawa, kuma wannan abu ne da in ya mutu yana da wuyar farfaɗowa.

Maigidan naki takaicin kuɗinsa da tsoron makomar ɗansa ne suke cinsa, ba ƙiyayya ba. Kada ki tare shi da maganar a gaban yara, ko lokacin da takardar take hannunsa. Ki bari ya ci abinci ya natsu, ki kawo masa takardar ki ce ya karanta "nait" da ƙarfi. Zai ji da bakinsa cewa kalmar ce ta fito. Ki roƙe shi alfarmar wata ɗaya ba duka ba faɗa a kan shifta, ki ce kina gwada wata hanya. In ya yarda, ki ba shi nasa aikin: ranar Asabar yaron ya kawo masa kwalin da marafan ya nuna masa yadda ɓera yake zama jemage. Uban da ɗansa ya koya wa abu da wuya ya sake ce masa ba ya ja. Idan kuma hannunsa ya saba da saurin duka har abin ya wuce batun makaranta, ki sa wani babba da yake jin nauyinsa, mahaifiyarsa ko yayansa, ya yi masa magana.

Malamar ma ki je ki same ta, da gaisuwa da girmamawa, ba da ƙorafi ba. Kin lura kalmominta tara a gida-gida suke, ta san abin da take yi, wataƙila yawan yara ne bai bar ta ta tsaya a kan kowa ba. Ki gaya mata abin da kuke yi a gida, ki tambaye ta wane gida za su shiga mako mai zuwa. Ki roƙe ta, in ta zo maki, ta riƙa ja layi a ƙarƙashin harafin da ya kuskure kawai maimakon ta soke kalmar duka, don ya ga cewa n da t ɗinsa daidai suke.

Batun Turancinki kuwa, duk abin da na lissafa ba wanda ya fi ƙarfin mai takardar sakandare. In kina shakkar yadda ake furta wata kalma, ƙamus na waya yana faɗin ta da murya, ku saurara tare ku maimaita. Idan kuka yi zango guda cur kuna wannan kullum amma har yanzu ba ya iya jin cewa kara da tara amonsu ɗaya, ko kin ga yana yawan cewa "na'am?" idan aka yi magana a bayansa, ko kunnensa ya taɓa zubar da ruwa, ko yana manna fuska a littafi, ki kai shi asibiti a duba kunne da ido. Juya b da d a shekarunsa abu ne da aka saba gani, yakan wuce. Amma yaron da ya tsinci sautuka uku a "night" ya jera su daidai, kuma haddarsa tana tafiya, ban sa ran za ku kai can ba.

Yau da yamma ki nemo kwalin, ki aiki ƙannensa su tsinto marafan. Ku fara da "at", don a nan zai fi saurin cin nasara, "ook" ta biyo baya, "ight" ta zo ranar Laraba. Bayan Juma'a huɗu ki sake rubuto min, ki haɗo da abin da ya rubuta a shiftar, har da kurakuran, don su nake son gani.